Wasiƙa Daga Amsterdam Kan Kayan da Aka Ƙera Don Su Gyaru

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, ina so in amsa tambayar da ka yi mini kwanakin baya, ko gaskiya ne Turawa ba sa gyara waya, sai dai su jefar su sayi sabuwa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Akwai gaskiya a zancen, domin ni ma ta faru da ni. Wayata ta faɗi a tashar jirgin ƙasa gilashinta ya tsage, da na kai ta wani shago sai aka yanka mini kuɗin da ya kusa rabin abin da na saye ta, aka kuma ce in dawo bayan kwana uku. Aikin da yaronka zai gama a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kafin mai wayar ya shanye ruwan leda, nan sai an rubuta takarda an ba da rana. Dalilin a fili yake. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar Holand ya haura Yuro 13 a awa guda, ga kuɗin haya da haraji, saboda haka hannun mai gyara ya fi kayan gyaran tsada, kuma duk na'urar da aka manne da gam, wadda sai an ɗumama ta an lallaɓa kafin ta buɗe, lissafi yakan nuna cewa sayen sabuwa ya fi sauƙi. Haka aka yi ta tara shara, har rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki a duniya, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Sai dai kiɗan ya fara sauyawa. A unguwarmu akwai wani zaure da ake buɗewa sau ɗaya a wata, inda mutane ke kawo butar lantarki da rediyo da fitila da injin shan ƙura, wasu dattawa masu ritaya su zauna da su a gyara tare ba tare da biyan lada ba, sai dai abin da mutum ya ga dama ya jefa a asusu. Sunansa Repair Café, kuma wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ce ta fara shi a nan Amsterdam a shekarar 2009, yanzu kuwa akwai dubbai a ƙasashe da dama. Ranar da na fara zuwa na yi dariya a zuciyata, ganin ana tafa wa mutum don ya sauya wayar wutar dutsen guga. Amma na lura da wani abu da ba mu yi: kowane abu da aka kawo sai an rubuta sunan kamfaninsa da abin da ya lalace da ko ya gyaru, kuma da irin waɗannan bayanai masu fafutuka ke zuwa gaban 'yan majalisa su nuna inda masu ƙira suke toshe hanyar gyara.

Abin da na fi so ka gani da idonka shi ne wayar Fairphone, wadda wani kamfani na wannan birni ya fara fitarwa a 2013. A samfurinta mai suna Fairphone 5, murfin bayanta da farce ake ɓalle shi, batirin ya fito a hannu kamar na Nokia ta da, sauran sassan kuma, wato gilashi da kyamara da lasifika da ramin caji, kowanne da ƙananan noti aka ɗaure shi, sukudireba guda ta isa a kwance su duka. Fairphone 5 da ta fito a 2023 tana da sassa goma da mai ita zai iya sauyawa da kansa, kamfanin ya ba da garantin shekara biyar, ya kuma yi alkawarin sabunta manhajarta har zuwa 2031. Ka tuna yawan wayoyin da ake kawo maka saboda ramin caji kawai, kana hura wuta a kan allon wayar kana addu'ar kada dalma ta taɓa wani wuri. A wannan wayar ramin wani ɗan guntu ne mai zaman kansa, a cire a sa sabo cikin minti biyar.

Ba zan ɓoye maka aibinta ba. Kuɗin Fairphone 5 lokacin da ta fito Yuro 699 ne, ta ɗan fi takwarorinta kauri, kyamararta kuma ba ta kai ta wayoyin da ake sayarwa a wannan farashi ba. Mafi girman matsalar a wajenmu ita ce sassanta daga Turai ake odarsu, don haka idan ta lalace a Kano sauƙin buɗe ta ba zai amfana wa kowa komai ba matuƙar babu abin da za a sa a ciki.

Doka ce ta fi yin tasiri. Faransa ta fara tilasta wa masu sayarwa su liƙa maki daga sifili zuwa goma a jikin waya da kwamfutar cinya da talabijin da injin wanki a watan Janairun 2021, makin da ke nuna sauƙin gyaran abin. Tarayyar Turai ta wajabta ramin caji iri ɗaya, wato USB-C, ga duk sabuwar waya daga ƙarshen Disamban 2024, abin da ya sa har iPhone ta bar nata ramin na daban. Daga watan Yunin 2025 kuma, duk wayar da za a shigo da ita kasuwar Turai sai batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma sai kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara bakwai bayan ya daina sayar da ita. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda wayoyin da ake amfani da su a nan yau su ne na hannun da za su iso kasuwarku nan da 'yan shekaru.

Akwai kuma inda namu ya fi. Tecno da itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na China ke ƙerawa, sun ci kasuwarmu ne saboda an kalli rayuwarmu kafin a zana su: layi biyu, batirin da ke kwana biyu ba caji, kyamarar da ke fito da fuskar baƙar fata sosai. A nan ban ga wayar da aka yi wa tunanin ƙurar hunturu ko zafin watan Afrilu ko wutar janareta mai hawa da sauka ba, domin ba su san waɗannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ganina duk wanda ya shekara goma yana buɗe wayoyin Kano ya fi injiniyan da ke Amsterdam sanin abin da ke kashe su.

Shi ya sa nake ta tunanin abin da za a iya yi a gida, kuma hankalina ya fi tafiya kan fitilar caji da fanka mai caji da ƙananan kayan sola fiye da waya, tunda su ana iya harhaɗa su a wajenmu. Kusan kullum batiri ne ke mutuwa, sauran jikin lafiya lau, amma an rufe robar ta yadda sai an fasa ta, daga nan sai bola. Da za a yi fitilar da murfi mai noti biyu, a sa mata batirin nan mai siffar ɗan yatsa da ake kira 18650, wanda ake samu a kowace kasuwa, a sa mata ramin USB-C domin cazar waya ta yi mata, a kuma buga hoton yadda ake kwance ta da bayani cikin Hausa a jikin kwalinta, da fitila guda ta yi shekaru a gida. Zan ƙara da 'yar marfin roba a bakin ramin caji saboda ƙura, da ɗan fis mai arha da zai ƙone a madadin allon duka idan wuta ta yi yawa.

Matattun batiran kuma akwai dabarar da na gani a nan. Duk lemon gwangwani ko ƙaramar robar ruwa da ka saya, an ɗora mata santi 15 na Yuro da za a mayar maka idan ka dawo da ita cikin wata na'ura a kanti, daidai da kuɗin kwalbar da muke bari a da idan an aike mu sayen lemo. Da masu shigo da fitilu za su riƙa rage wani abu ga wanda ya kawo tsohon batiri, da 'yan jari bola sun tattaro su gida-gida, maimakon su ƙare a kwata ko cikin wutar shara inda yara ke wasa.

Na samu tsohuwar Fairphone a hannu da sauƙin kuɗi, zan ba wani ɗan'uwa da zai zo gida bayan salla ya kawo maka ita da sukudirebarta. Ka kwance ta gaba ɗaya a gaban yaran shago, sannan ka rubuto mini abin da kake ganin ba zai jure Kano ba, da kuma nawa ake sayar da batirin 18650 mai kyau yanzu a kasuwa. A gaida Hajiya da kowa da kowa.