Na kai takardun harajinmu VITA, ga yadda ta kaya

Salam 'yan uwa, musamman mata irina da ke nan Amurka suna jinyar mazajensu a gida. Maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara uku da suka wuce, ni ce wanka ni ce ciyarwa ni ce juya shi da daddare kar bayansa ya yi miki, kuma alhamdulillah jiharmu na cikin waɗanda suke yarda a biya mata ko miji kuɗin kula ta shirin Medicaid waiver, wato tsarin lafiya na gwamnati da ke biyan kuɗin kula da mara lafiya a gida, don ba kowace jiha ce ke yarda ba.

To kuɗin na shigowa, Janairu na yi sai ga takardar W-2, wadda ke nuna albashin da aka biya mutum a shekara, da sunana. Shekara biyu ina kai ta wani shagon cike haraji da ba zan kama sunansa ba, ina biyansu dala 250, mutumin ko ɗaga kai bai yi ya tambaye ni wane irin aiki nake yi, lambobin kawai yake kwafewa cikin kwamfuta a matsayin albashi, mu kuma mu biya harajin da ashe ba ya kanmu.

Bana wata maƙwabciya ta ce in gwada VITA, shirin IRS ne, hukumar harajin Amurka, na cike haraji kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi da naƙasassu, iyakar kuɗin shigar dala 60,000 da 'yan kai ne, yana ɗan motsawa duk shekara. 'Yan sa-kai ne amma sai sun ci jarrabawar IRS kafin su zauna a teburin. Na tafi da maigida a kekensa saboda idan haɗe kuke cikewa dole ku biyun ku sa hannu.

Wata dattijuwa ce ta karɓe mu. Ta duba W-2 ɗin ta ga sunan shirin, sai ta cire tabarau ta ce, ke da wanda kike kula da shi gida ɗaya kuke kwana? Na ce mijina ne ai, ga shi nan zaune. Wallahi wannan tambayar ce kawai ba a taɓa yi mini ba. Ta ce akwai sanarwar IRS mai lamba 2014-7, idan kuɗin ta Medicaid waiver suka fito kuma kina zaune gida ɗaya da mai jinyar, ana cire su daga kuɗin da gwamnatin tarayya ke ɗora wa haraji. Za a rubuta su a fom ɗin 1040 sannan a sake cire su a Schedule 1. Amma ta ja kunnena, in da aljihun wani ɗan uwa ko wata inshora kuɗin ke fitowa to maganar daban ce, haka ma harajin jiha sai an duba nasa daban.

Abin da ya fi burge ni, ba ta tsaya nan ba. Ta ce tun bayan hukuncin kotun haraji na 2019 a shari'ar Feigh, mutum na da zaɓi ya ƙirga kuɗin a matsayin na gumi wajen neman EITC, wato rangwamen haraji na ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, ko da an cire musu haraji, sai dai ko duka ko babu, ba a raba su. Ta lissafa mana ta hanya biyu a gabanmu, ta juyo da allon maigida ya gani da idonsa, tana magana da shi kai tsaye a hankali tana jiran ya gama haɗa kalmominsa. Mutane da yawa ni suke kallo idan suna maganarsa kamar ba ya wurin, ranar sai da na ji ƙwalla.

Ta kuma faɗa min wadda ba ta yi min daɗi ba amma gara da na ji. A tsarinmu mijina ne a takarda ya ɗauke ni aiki, kuma matar da ke wa mijinta aikin gida ba a cire mata kuɗin Social Security da Medicare, wato na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi. Ni da ina murna ba a yanke min komai, ashe shekarun nan ba sa shiga cikin maki 40 da ake nema don fansho. Da kamfanin kula ne ya ɗauke ni da an cire, da kuma an ƙirga. Har yanzu abin na raina.

Kafin a aika sai da wani ɗan sa-kai na biyu ya sake bin komai layi-layi. Shekarun baya kuma ta ce a gyara su da 1040-X, ana da shekara uku daga ranar da aka shigar, mun riga mun sa ranar komawa.

Ni dai biyar cikin biyar na ba su. Ku sani yawancin wuraren daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Afrilu suke buɗewa, kar ku bari sai 15 ga Afrilu ta matso. Ku tafi da katin shaida mai hoto, katin Social Security na kowa a gidan, W-2 ko 1099 (wata takardar kuɗin shiga), takardun bara, da wata takarda da ke nuna adireshinku ɗaya ne ku biyun.