Inda na sami bakalyau a Yamai

Shekara takwas na yi a Luwanda ina sayar da shadda da atamfa a kasuwar Roque Santeiro, har gwamnatin Angola ta tashe ta a 2010, na tattara komatsaina na dawo gida. Ni ɗan Tawa ne, da fura da tuwon hatsi na girma, amma a can bakina ya saba da wani kifi da Turawan Fotugal suka bar wa ƙasar, wanda ake kira bakalyau. Tun da na zauna Yamai nake cigiyarsa. Abincin Labanawa akwai, na Sinawa akwai, na Sanagal da na Kodibuwa kuwa ko ina. Na Fotugal duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai.

Direban da ke ɗauko mini kaya daga Lome ne ya ba ni labarin wata mata ƴar Gine Bisau da ke dafa abincin Fotugal a unguwar Filato. Gida ne kawai, tebur biyar ƙarƙashin rumfa, ko allo babu a ƙofa. Da na buga mata waya ta ce sai na ba ta kwana biyu. Na tambayi dalili, ta ce kifin ne yake bukata. Nan take na san a hannu na gari na faɗa.

Bakalyau kifin teku ne na ruwan sanyi, yawancinsa daga Norwe. Ana tsaga shi, a danne shi da gishiri, a shanya har ya yi tauri kamar katako. Ba ɗaya yake da fanla na ƴan Najeriya ba, shi wannan iska kaɗai ke busar da shi. Kafin a dafa sai an jiƙa shi kwana ɗaya zuwa biyu ana sauya ruwa, kuma a zafin Yamai dole cikin firiji. Wanda ya yi gaggawa gishiri zai kashe masa baki, wanda ya wuce lokaci kuma ya sami kifi lami.

Daren Juma'a bayan isha'i muka je da uwargida da ƙanenta. Kafin mu zauna na ce, "Madam, mu Musulmi ne, yaya batun alade da giya?" Wanda zai ci abincin Fotugal dole ya yi wannan tambaya, don suna yawan zuba giyar inabi a girki, naman alade kuma yana shiga har cikin miya. Ta ce alade ba ya shiga gidanta, ta kai ni madafa na gani da idona, ta ce a madadin giya lemon tsami take sa wa kaza.

Babban farantin shi ne wanda suke kira bakalyau a Bras. An yayyage kifin siriri, an haɗa da dankalin turawa da aka yanka kamar tsinken ashana aka soya, da albasa mai yawa, sannan aka kaɗa ƙwai aka zuba, aka sauke kafin ya daskare. Zaitun baƙi a kai. Gwanintar tana wajen ƙwan, in ya ƙone ya zama wainar ƙwai, nata kuwa laushi ne mai sheƙi, dankalin bai jiƙe ba, gishirin daidai. Albasar Galmi ce ta sa, kuma na rantse ta fi wadda na ci a Luwanda zaƙi. Uwargida ta kai loma uku ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Alhaji, ashe gaskiyarka ce duk shekarun nan." Ni kuwa ƙanshin man zaitun da tafarnuwa ya tuna mini abokan zamana na can, biyu cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Kazar piri-piri ma ta yi, tonka da tafarnuwa sun ratsa ta, an gasa ta kan gawayi. Ƙanen uwargida shi kaɗai ya cinye rabi.

Miyar kaldu berdi ce ba ta kai ba. Asalinta dankali ne da wani ganye mai kauri da ake yankawa kamar zare, ita kuwa kabeji ta sa, ya narke ya ɓace. Wainar madara da ƙwai, wadda wani shago a Belem ta Lisbon yake sayarwa tun 1837, ita ma ɓawonta ya yi sanyi, ina jin tun safe aka gasa ta. Na faɗa mata, ta ce gaba za ta bari sai mun zauna ta sa a wuta.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Jika goma sha biyu farantin kifi, kaza jika bakwai. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayanta ta Lome da Burkina suke biyowa, man zaitun da kifin duk sun hau. Ban yi ciniki ba.

Na riga na ce ta jiƙa mini na Juma'a mai zuwa. Aminina da muka yi zaman Luwanda tare zai taso daga Tawa da motar asuba.