Daga Jamus: kaya da araha, hannun mutum da tsada

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙarin makaranta? Ka tambaye ni farashin kaya a nan da yadda albashi ke riƙe mutum zuwa ƙarshen wata. Amsar ba ta tsaya a kanti ba, don haka ka yi haƙuri da tsawon takardar.

Abin da za ka ɗauka da hannu ka kai wajen biya yana da sauƙi in ka auna shi da albashi. Litar madara ba ta wuce yuro ɗaya da 'yan canji, kilon fulawa bai kai yuro ɗaya ba a kantunan masu rangwame. Kaza, taliya, man girki, har rigar yara, ladan awa ɗaya zai cika maka leda. Amma ka ce mutum ya taɓa maka wani abu da hannunsa, nan za ka san ka zo Turai. Aski yana cin yuro 15 zuwa 20. Mai gyaran famfo tun daga fitowarsa daga shago yake fara lissafi. Wando in ya yage, sau da yawa sayen sabo ya fi kai wa tela sauƙi. A gida akasin haka ne: buhun shinkafa ya gagari mai albashi, amma wanda zai ɗauko maka shi a ka daga bakin kasuwa zuwa mota, abin da za ka ba shi bai taka kara ya karya ba.

Wannan tsadar ba daga sama ta faɗo ba, zama aka yi aka tsayar da ita. Masana'antar da nake aiki kusa da Stuttgart, inda muke ƙera kayan gyaran mota, tana ƙarƙashin yarjejeniyar IG Metall, ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe da lantarki mai mambobi fiye da miliyan 2. Ba kowane kamfani ke cinikinsa shi kaɗai ba. Ƙungiyar masu masana'antu ta yanki ce ke zama da ƙungiyar ma'aikata, abin da aka cimma a jiha ɗaya sauran su kwafa. A 2022, lokacin da tsadar gas ta tayar da hankalin kowa, ƙungiya ta nemi ƙarin kashi 8 cikin 100. A jiharmu ta Baden-Württemberg aka daidaita a watan Nuwamba: kashi 5.2 daga Yunin 2023, kashi 3.3 daga Mayun 2024, da yuro 3,000 na rage raɗaɗi wanda babu haraji a kansa. Ranar da aka rubuta, ranar ƙarin ya bayyana a takardar albashi. Ba a kafa kwamitin duba yadda za a aiwatar ba, ba wanda ya ce a jira kasafin kuɗi.

Nan ne zuciyata ke komawa kanku. Yarjejeniyar da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ta sa wa hannu da gwamnati a 2009 tana cikin abin da aka yi wa yajin wata 8 a 2022, yara suna zaune a gida. A Yunin 2024 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC har wutar ƙasa suka kashe kafin a tsayar da naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Yuli, sannan aka koma bin jihohi ɗaya bayan ɗaya ana roƙon a biya. Ma'aikatanmu ba su gaza na nan jarumta ba, wallahi sun fi su juriya. Bambancin shi ne a nan takarda in an sa mata hannu tana da haƙora. Ɗan ƙungiyar da aka tauye wa ko yuro 50 ne zai iya zuwa kotun ma'aikata, ƙungiya ta ba shi lauya. Ita ma ƙungiyar an ɗaure ta: muddin wa'adin yarjejeniya bai ƙare ba, ba ta da ikon kiran yaji a kan abin da aka riga aka daddale. Sai wa'adi ya cika ake fara yajin gargaɗi na 'yan awoyi. Na tsaya a irinsa a bakin ƙofar masana'anta da asuba, sanyi na ratsa takalmi, kowa da jar hula da usur, ana raba shayi da burodi. Kafin azahar mun koma kan injina. Kuɗin ƙungiya kashi 1 cikin 100 ne na albashi, kuma daga ciki ake biyan mutum in yaji ya yi tsawo.

Akwai kuma majalisar ma'aikata a cikin masana'anta, wadda mu muke zaɓa. Doka ta ba da damar kafa ta duk inda ma'aikata suka kai 5. Ba a sallamar mutum sai an ji ta bakinta, ba a canza jadawalin aiki sai da yardarta. Ta hanyarta muka samu ɗan ɗakin da muke sallah. Awa 35 muke yi a mako, kuma dattawan wurin ba sa barin mu manta cewa yajin mako 7 aka yi a 1984 kafin a kama hanyar samunta. Amma ku malamai, ka sani yawancin takwarorinku a nan ma'aikatan gwamnati ne na dindindin, kuma doka ta hana su yaji, kotun tsarin mulki ta jaddada haka a 2018.

Mai saye ma yana ɗanɗana kuɗarsa. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, in gishiri ya ƙare sai maƙwabci. A Janairun 2024 direbobin jirgin ƙasa sun tsayar da aiki na kwanaki, mutane suka yi ta tsaki a tasha, amma a Maris aka amince a sauko da awoyinsu na mako daga 38 zuwa 35 a hankali har zuwa 2029.

Maƙwabta kowa da salonsa. A Faransa 'yan ƙungiya ba su da yawa, wajen mutum 1 cikin 10, amma gwamnati kan shimfiɗa yarjejeniya ta rufe kusan kowa, kuma su titi suke fita: a 2023 shara ta taru a Faris saboda ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Suwidin ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi sam, yarjejeniya ce ke riƙe komai. Shi ya sa da Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta ƙi sa hannu, makanikai suka shiga yaji a Oktoban 2023, ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka ƙi sauke motocin, 'yan gidan waya suka ƙi kai lambobin mota. 'Yan uwanmu da ke Saudiyya kuwa, ƙungiyar ƙwadago ma ba a yarda da ita ba, mutum da kafilinsa ne sai Allah.

Kada ka ɗauka kowa a Jamus yana cikin wannan inuwa. Kusan rabin ma'aikata ne kawai yarjejeniya ta rufe. Cikin sauran akwai baƙi da yawa, suna ɗakunan ajiyar kaya, kai saƙo gida-gida, wanke-wanke a gidajen abinci. Abin da ke kare su shi ne mafi ƙarancin lada na doka, wanda sai 2015 aka kawo shi a kan yuro 8.50 a awa, ya kai 12.82 a 2025. Farkon zuwana a hannun wani ɗan kwangila na yi aiki, awoyin da muke ƙarawa da dare ba sa fitowa a takarda, kuma ba mai buɗe baki saboda tsoron takardar zama. Har yau abin yana ci mini rai, domin yaranmu da yawa suna can.

Saboda haka, maganar ƙaninmu da ke son tahowa koyon sana'a: kafin ya sa hannu a komai ya turo mini takardar in karanta. Ya tambaye su ko kamfanin yana bin yarjejeniyar ƙungiya, ko akwai majalisar ma'aikata, kuma kwana nawa ne hutun shekara. Doka ta ce 20 ga mai aikin kwana biyar a mako, mu 30 muke samu. In sun yi ta kwana-kwana wajen amsa, ya dakata mu nemi wani wurin.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafar yana hanya. A gaida Anti da yara.

Naka ƙani.