Shekara guda da na'urorin sarrafa gida: abin da ya biya kuɗin sabulu da abin da ya tashi a ado

Tankin ruwa ne ya jefa ni cikin wannan harka, ba son burgewa ba. Gidanmu a Kano yake, muna da rijiyar burtsatse, da sumo mai ƙarfin doki ɗaya, da tanki mai cin lita 2,000 a saman ƙarfe. Wutar unguwarmu kuwa ta fi son zuwa da tsakar dare. In an kawo ta ƙarfe biyu, sai ɗayanmu ya tashi ido rabi a rufe ya kunna sumo, ya koma shimfiɗa da niyyar tashi bayan rabin awa. Ba sai na faɗi sauran ba. Da asuba ruwa na kwarara daga saman tanki, ya bi rariya ya fita layi, masu zuwa masallaci na tattare bakin wando. Ranar da wani dattijo maƙwabcina ya ce min cikin raha, "Alhaji, ashe kogi ka buɗe mana a layin nan ba mu da labari," ranar na ce abin ya isa.

Da ma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na jingine janareta na sa sola da inbata, don haka gidan ya zama mai layi biyu: akwai soket ɗin da ke aiki sai an kawo wuta, akwai waɗanda ke kan batir dare da rana. Ku riƙe wannan, domin kusan duk wahalar da na sha da duk daɗin da na ji daga nan suka fito.

Zagayen farko na yi shi ne irin na kowa. Na shiga kasuwa na sayo ƙwayayen fitila huɗu da soket uku masu haɗuwa da Wi-Fi, irin waɗanda ake sarrafawa da manhaja a waya. Haɗa su ya ci min yamma guda, saboda ban san cewa yawancin irin waɗannan kaya zangon 2.4 GHz kawai suke kamawa ba, ni kuma wayata na kan 5 GHz. Da na gane, cikin minti goma komai ya hau. Daren nan yara sun sha kallo, fitilar falo ta zama kore, ta zama ja, ta koma shuɗiya. Sati guda aka yi ana wannan wasan, daga nan ba wanda ya sake canja mata launi har yau.

Ƙwan fitila mai wayo yana da sharaɗi guda: makunnin bango ya zauna a kunne kullum. Wannan sharaɗin ba zai yiwu a gidan da Hajiya take ba. Shekara saba'in tana kashe fitila da hannunta in za ta fita daga ɗaki, kuma ita ta koya mana hakan da faɗa. Tana kashewa, ƙwan ya ɓace daga waya. Na manna salatif a kan makunnin, ta ɓare. Ga kuma wata: in wuta ta ɗan gifta ta dawo, ƙwan sai ya kama da cikakken haskensa, ko da a kashe aka bar shi. Wani dare ƙarfe uku na ji sallamarta a ƙofar ɗakina.

"Kai, zo ka cire min wannan abin. Fitilar da ke kunna kanta ba da ni ba."

"Hajiya, saiti ne kawai, gobe zan gyara."

"Ka gyara a ɗakinka."

Gaskiyarta. Akwai wurin da ake zaɓar yadda na'ura za ta kasance in wuta ta dawo mata, a kunne, a kashe, ko yadda aka bar ta, kuma a ƙasar nan wannan shi ne saitin farko da ya kamata mutum ya nema kafin ya biya kuɗi. Biyu daga cikin ƙwayayena ba su da shi sam. Suna cikin durowa yanzu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne dogaro da intanet. In na danna waya, umarnin ba fitilar yake zuwa kai tsaye ba, sai ya je wata babbar kwamfuta a wata ƙasa ya dawo. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, ina tsaye a ƙarƙashin fitila, taku biyu tsakaninmu, amma ba ta jin maganata. Kayan an ƙera su ne da tunanin gidan da wuta da intanet ba sa yankewa, kuma namu ba shi ba ne.

Zagaye na biyu shi ne wanda zan iya ba wani shawara a kai. Na ɗora Home Assistant a kan wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba. Manhaja ce ta kyauta wadda aka fara a 2013, masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke gina ta, kuma babban amfaninta shi ne a cikin gida take tunani: ko babu data, dokokin da ka shimfiɗa mata suna tafiya. Na soka mata wani abu mai kamar filas wanda ke magana da na'urori ta Zigbee, wata hanyar sadarwa ce mara cin wuta sosai da ba ruwanta da Wi-Fi. Maimakon ƙwayaye, sai na sayi ƙananan na'urori da ake ɓoyewa a bayan makunnin bango. Hajiya na danna makunninta yadda ta saba, ni ina danna waya, fitila na bin mu duka. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga maganar ba, kuma ina zaton ba ta san akwai wani abu a bangon ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Mai wayarin ya buɗe makunnin farko, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Yallaɓai, babu niyutiral a nan. Waya biyu ce kawai, mai kawowa da mai kaiwa fitila."

Haka ake wayarin yawancin gidajenmu, niyutiral ɗin, wato wayar da wuta ke bi ta koma, tana can sama wajen fitila, ba a saukar da ita makunni. Na'urar kuwa tana bukatar ɗan abin da za ta ci ko fitila na kashe. Akwai samfurin da ba ya bukatar niyutiral, amma da wasu ƙananan ƙwayayen LED sai ka ga fitila na ƙyaftawa a kashe kamar mai ciwon ido. A ɗakuna uku ya samu ya zura sabuwar waya ta cikin bututun da ke bango. A ɗakin baƙi bututun ya toshe da siminti tun lokacin gini, muka haƙura. Wanda yake kan gini yanzu, ya gaya wa mai wayarinsa ya saukar da niyutiral kowane makunni, ya kuma sa akwati mai zurfi. Kuɗin waya kaɗan ne, fasa bango daga baya kuwa ba kaɗan ba.

Mu koma kan sumo, tunda ita ce uwar tafiyar. Da farko na so in soka ta a soket mai wayo kawai, don an rubuta amfiya 16 a jikinsa. Mai wayarin ya hana. Injin ruwa a daƙiƙar da yake tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, kuma wannan fizgar ce ke narkar da 'yan ƙarafan cikin soket har su manne, injin ya ƙi mutuwa. Sai ya sa kontakta, wato babban makunni da ke ɗaukar nauyin injin, ita kuma 'yar na'urata aikinta kawai ta ce masa kama ko saki. A cikin tanki ya rataya makunni mai iyo, ya haɗa shi kai tsaye da kontakta, ba ta hanyar kwamfuta ba. Ko kwamfutar ta haukace, tanki na cika injin zai tsaya. Wannan dabarar tasa ce, ba tawa ba, kuma ita ce ta fi komai daraja a cikin aikin.

Saura yadda gidan zai san an kawo wuta. Nan muka yi 'yar dabara: ƙaramin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, a kan layin wutar gari, aka haɗa bakinsa da na'urar nan mai gane an buɗe ƙofa ko an rufe. In an kawo wuta, kwamfuta na ganin "ƙofa ta rufu". Dokar da na rubuta mata ita ce ta jira minti biyar tukuna, saboda wutarmu ta iya leƙowa ta koma, sannan ta kunna sumo. In injin ya yi minti arba'in tanki bai cika ba, ta kashe ta aiko min da saƙo, don wataƙila ruwan rijiya ya ja baya, kuma sumo in ta yi ta juyawa a bushe ƙonewa take. A watan Afrilu saƙon nan ya zo min sau biyu. Ban sake tashi ƙarfe biyu saboda ruwa ba, layinmu kuma ya bushe.

Da wannan "ƙofar" na ɗaure hitar banɗaki da soket ɗin guga, ba sa aiki sai da wutar gari ko da tsakar rana in batir ya cika. Uwargida ta yi ƙorafi a makon farko, "Abban yara, yanzu guga ma sai na nemi izinin kwamfuta?", amma da ta ga fanka na kai mu asuba ba tare da inbata ta yi kuka ba, ta bar maganar. Soket mai auna wuta shi ya buɗe min ido a nan. Fitilun gidan ashirin ne, kowace wat 9, duka-duka wat 180. Dutsen guga shi kaɗai ya haura wat 1,000. Shekara da shekaru ina bin yara da faɗan kashe fitila, ashe ɓarawon na kan teburin guga. Ga wanda ke Band A, wato rukunin da ya fi samun wutar gari kuma ya fi biyan kuɗi, inda aka kai yunit ɗaya naira 225 a watan Afrilun 2024, wannan awon kaɗai ya isa dalilin sayen soket guda.

Wani abin da na ji daɗinsa, ban kuma zata ba, shi ne lokutan salla. Home Assistant na da ɓangaren da ke lissafa su bisa inda gidanka yake. Na sa fitilar tsakar gida da ta wajen alwala su kama minti ashirin kafin asuba, su mutu in gari ya waye. Lissafin kan saɓa da kiran sallar masallacinmu da 'yan mintuna, don haka ban ɗauke shi ladani ba, fitila kawai yake kunnawa. Ta ƙofar gida kuma tana bin faɗuwar rana, wadda a Kano take matsawa da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli, ba sai na riƙa gyara agogo ba.

Kurakuraina ba su ƙare ba. Na'urorin Zigbee da ke jone da wuta su ne ke miƙa wa juna saƙo har ya kai nesa, masu batir kuwa barci suke sai in akwai abin faɗa. Ni kuma na sa soket biyu masu miƙa saƙon a layin wutar gari. Ana ɗauke wuta sai rabin gidan ya kurmance, na'urar ƙofar baya ta ɓace. Sati biyu ina zargin kayan, kafin na gane laifina ne, na mayar da su layin inbata. Haka katin ajiyar 'yar kwamfutar ya lalace wata rana da batir ya mutu tsakar dare ya yanke mata wuta tana cikin rubutu. Ban ajiye kwafin saitina ba, na sake komai daga farko, kwana uku. Yanzu tana kan faifan SSD, kwafi kuma na fita da kansa kowane mako.

Na'urar gane motsi ita ce ta fi ba ni kunya. Zafin jiki take gani, ta bambanta shi da na wuri. A bazara, in zafi ya doshi digiri 40, bangon zaure da jikin mutum sun zama kusan ɗaya, sai ka wuce ta gabanta ba ta san ka wuce ba. Da sanyin dare kuwa har ta fi ƙarfin aikinta. Ragon layya da muka ɗaure a tsakar gida kwana huɗu ya yi yana kunna fitila duk juyin da ya yi, har na cire mata batir sai bayan salla.

Lasifikar nan da ake ba umarni da baki na saya na bayar. Ba ta jin Hausa, Turancin nawa ma sai na maimaita, kuma ba na son abin da ke kasa kunne a falon da iyali ke hira. Kyamara guda ce, tana kallon ƙofar gida daga waje. Tsakar gida wurin mata ne, suna zaune ba mayafi, ba zan sa ido a wurin ba balle wanda hotonsa ke tafiya wata ƙasa. Wannan ko shawara ban tsaya yi ba.

Wa ya dace da wannan harka? Wanda ke da inbata, domin in kwamfutar da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, suna mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuɗinsa ya zubar. Sai wanda zai iya zama ya karanta bayani da Turanci ya yi haƙurin gwaji, don makonnin farko suna cin dare. Kayan su kansu ba su ne masu tsada ba, kuɗin mai wayarin da kontakta da wayoyi sun kusa kamo su. Wanda ba ya son ɗawainiyar kwamfuta, ya sa makunni mai iyo da kontakta a tankinsa ya tsaya nan, ya samu rabin abin da na samu da kaso kaɗan na kuɗin. Wanda kuma zai sayi kaya sabo ya duba ko suna ɗauke da alamar Matter, tsarin da manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Amazon suka haɗu a kai aka fitar a 2022 don kayan wannan su yi magana da na wancan, kodayake nawa na Zigbee suna aikinsu ban ga dalilin canja su ba.

Abin da ya rage min yanzu shi ne ɗakin baƙi mai toshasshen bututu. Mai wayarin ya ce in na yarda a fasa bango, aikin yini ɗaya ne. Uwargida ta ce sai dai in ni zan share ƙurar, don haka makunnin na nan yadda magini ya bar shi.