Hikayata a kunne: yadda muke sauraron labaran a shagon ɗinkina

Ni tela ce, shagona yana cikin soron gidanmu a Funtuwa. Rabon da in ɗauki littafi in kai ƙarshensa ya fi shekara huɗu, domin idon da ke kan allura ba ya kan takarda. Ga kuma Inna, yanar ido ta rage mata gani, kuma da ma ita karatunta na allo ne da ajami, ba ta yi boko ba. Da can ni nake karanta mata littafi bayan isha'i, tana kishingiɗe a tabarma tana gyara mini karin magana idan na yi tuntuɓe. Da ɗinki ya yi mini yawa sai wannan zama ya mutu, kuma abin ya daɗe yana cin raina. Labaran Hikayata da ake karantawa da murya su ne suka dawo mana da shi.

Gasar gajerun labarai ce da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta. Labari ba ya gaza kalma 1,000, ba ya wuce 1,500. Alƙalai su tace su fitar da uku na farko, a kuma ware wasu da suka cancanci yabo, sai a riƙa karanta su a rediyo, a ɗora muryar a shafin intanet. Inna ba ta buƙaci a gabatar mata da tashar ba. Tun 1957 suke magana da Hausa, ta buɗi ido ta tarar da su a akwatin rediyon mahaifinta, saboda haka da ta ji daga inda labarin ya fito sai ta gyara zama.

Ta waya muke ji. Ina jefa ta cikin kofin silba don sautin ya ƙara ƙarfi, in ajiye a kan teburin yanka. Kekena na ƙafa ne, ƙararsa tana cinye magana, don haka sai na tara aikin hannu tukuna: kalmasa, saka maɓalli, jera duwatsu a wuyan riga, guga. Labari ɗaya ba ya wuce minti goma da ɗoriya. Kafin in gama kalmashe bakin hijabi an kai ƙarshe. Wannan tsawon ya dace da mace mai aiki ƙwarai, ba sai kin riƙe sunan mutum ashirin a ka har gobe ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun kansa. Na sha wahala da wasu masu karanta littattafai a intanet. Wani zai sa kiɗa ya danne muryarsa, wani ya riƙa haɗiye kalmomi kamar ana korarsa, ya mayar da ƙ ta koma k har ma'ana ta juya, kuma a gama littafi guda ba a ambaci wadda ta ɓata dare ta rubuta shi ba. Wannan na ƙarshen yana ɓata mini rai sosai. A Hikayata ana karatu a natse. Inda ya kamata a tsaya ana tsayawa, a bar maganar ta zauna a zuciya. Ba a yin kukan ƙarya, ba a maƙale murya don a kwaikwayi tsohuwa. Kuma marubuciyar tana da suna, an san ta, an karrama ta a gaban jama'a.

Akwai ranar da ba na mantawa. Muna jin "Haƙƙina" na Aishatu Musa Dalil, wanda ya zo na ɗaya a 2021, labarin yarinyar da mijin mahaifiyarta ya keta wa haddi, uwar kuma ta zaɓi a rufe maganar. 'Yan koyona biyu suna zaune suna tsinke zare, babbar cikinsu shekararta sha shida. Da na fahimci inda labarin ya dosa sai kunya ta kama ni, na miƙa hannu zan kashe. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, bar shi su ji." Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba. Na janye hannu. Shagon ya yi tsit, almakashin da ke hannun ƙaramar ya tsaya a buɗe har aka gama. Bayan nan Inna ta ba mu labarin wata yarinya a ƙauyensu tun tana budurwa, yadda aka aurar da ita cikin gaggawa zuwa wani gari, kowa ya sani kuma kowa ya yi gum. Shekarata talatin da takwas tare da ita, ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. A ƙarshe ta dubi yaran ta ce duk wadda wani ya taɓa, ko wane ne shi, ta zo ta faɗa mata. Da a takarda na karanta wannan labari ni kaɗai, da na rufe na yi shiru. Da yake kunne huɗu da huɗu suka ji tare, sai magana ta fito.

"Rai da Cuta" na Maryam Umar, na 2020, shi ma ya tayar da muhawara, a kan mijin da ya ƙi yarda korona gaskiya ce har ya jawo wa matarsa. Wata mai kawo ɗinki da ta tarar muna ji ta fasa tafiya sai da aka gama. Da kuma Inna ta ji cewa Amira Souley, 'yar Jamhuriyar Nijar, ita ta lashe ta 2022, sai da ta sa na maimaita mata labarin, tana ta sa mata albarka.

Abin da zan faɗa wa mai son farawa: yawancin labaran masu nauyi ne. Maraici, zalunci a gidan aure, talauci, gudun hijira. Gaskiyar rayuwarmu ce, ban musa ba, amma akwai yammacin da nake marmarin wanda zai sa Inna dariya har ta share ƙwalla, irin wannan kuwa bai cika yawa ba. Ina roƙon marubutanmu su tuna da shi. Sannan a saurari labari tukuna kafin a sa wa ƙananan yara. Idan sabis ya yi rauni sai murya ta riƙa yankewa, shi ya sa muke bari sai bayan la'asar, lokacin da ya fi tsayuwa a unguwarmu.

Gasar sau ɗaya ce a shekara, mu kuwa cikin 'yan makonni muke cinye na shekarar. Yanzu tsofaffi muke bi muna sakewa. Jiya na sa wani da nake zaton ta manta, ba a yi minti ɗaya ba ta ce, "Ai wannan na matar nan ce da kishiyarta ta kwanta ciwo. Bar shi dai, ina son in sake jin abin da ta ce wa mijin."