Laura Ludwig ko Julius Brink: Wa Ya Fi Suna a Ƙwallon Ragar Yashi ta Jamus?

Ɗan'uwa, tunda tambayarka wanda ya fi suna ne da kuma wasan wa za ka riƙa kallo don ka koya, ka ɗauki Laura Ludwig, kada ka yi wani dogon tunani.

Julius Brink ba ƙaramin ɗan wasa ba ne. Shi da Jonas Reckermann sun ci kofin duniya a 2009, suka ɗauki zinare a Olamfik ta Landan a 2012 bayan sun doke Alison da Emanuel na Birazil da 16-14 a turmi na uku. Sai dai tauraronsu bai daɗe ba: ciwo ya sa Reckermann ya ajiye wasa a 2013, Brink ya bi shi a 2014.

Ludwig kuwa sau biyar ta je Olamfik, daga Beijin 2008 har Faris 2024, da abokan wasa huɗu daban-daban. A wasan da mutum biyu ne kacal a kowane ɓangare, canza abokin wasa kamar sake gini ne daga tushe, amma ta ci kofin Turai da Sara Goller a 2008 da 2010, ta sake ci da Kira Walkenhorst a 2015 da 2016. A Olamfik ta Rio 2016 ita da Walkenhorst suka doke Ágatha da Bárbara na Birazil a gidansu, a rairayin Copacabana, 21-18 da 21-14, suka zama matan Turai na farko da suka sami lambar Olamfik a wannan wasa. Shekara ta zagayo suka ci kofin duniya a Biyana, babban birnin Austriya. Ta haihu a 2018, ta dawo fili, har ta riƙa wa Jamus tuta a bikin buɗe Olamfik ta Tokiyo. Wannan tutar ce ta sa wanda bai taɓa kallon wasan ba ma ya san fuskarta.

Abin koyo ya fi yawa a wurinta saboda a lokacin da take wasa ita ce mai tsaron baya. Ka lura da inda take tsayawa sa'ad da Walkenhorst ta tashi tare ƙwallo a raga: ba ta gudu sai ta ga inda kafaɗar mai dukan ta karkata. Mai koyo yakan yi gaggawar tafiya gefe ɗaya, sai a saka masa ƙwallo a inda ya bari. Filin mita 16 ne da 8, kuma a yashi idan ƙafa ta riga ta nutse ba a juyowa da wuri. Ka fara da wasan ƙarshe na Rio, an yi iska sosai a daren, za ka ga yadda ake saukar da ƙwallo ƙasa-ƙasa wajen miƙa wa abokin wasa.

Ka yi hattara da masu sayar da ƙwallo a intanet wai da sa hannunta. Ƙwallon da aka yi wasa da ita a Rio ta kamfanin Mikasa ce, samfurin VLS300. Duk wanda ya nuna maka samfurin BV550C ya ce ta lokacin Rio ce, maƙaryaci ne, domin ita ce ƙwallon Faris 2024.