Gargaɗi ga manoman ƙasar Yauri da Zuru: masu "dashen kashu kyauta" gonarku suke nema

Jama'a, musamman 'yan uwa na Yauri, Ngaski, Shanga, har zuwa Zuru da Danko-Wasagu, akwai wasu mutane da ke bin ƙauyuka da sunan kamfanin dashen itatuwa. Cewa suke za su dasa wa manomi kashu a gonarsa kyauta, su ba shi taki, idan itacen ya fara 'ya'ya su saya da tsada. Don girman Allah kada wanda ya dangwala musu yatsa a kan kowace irin takarda. Na karanta takardar da suke rabawa, shafi uku ce da Turanci, kuma maganar dashe layi biyu ce kacal a cikinta. Sauran duk maganar mallakar gona ce da itatuwan da ke cikinta.

Da bazara suke zuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowa na tunanin kuɗin taki. Mota mai tsafta, riguna masu tambari, katin shaida rataye a wuya. Ba su cika yin magana da bakinsu ba. Sai su nemi wani matashi ɗan gari wanda aka san ubansa, su kira shi wakili, su riƙa ba shi la'ada a kan kowane mutum da ya kawo. Sau da yawa shi ma yaron bai san abin da ke cikin takardar ba. Idan aka tambaye su daga ina, sai su ambaci sunayen da mutane suka saba ji a rediyo, irin su ACReSAL da Great Green Wall. Shirye-shiryen nan biyu na gaskiya ne. ACReSAL shiri ne na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Kebbi na cikin jihohi 11 da hukumar Great Green Wall, mai dashen itatuwa don tare hamada, ke aiki a cikinsu. Sunan kawai mutanen nan suke ara. Shirin gwamnati yana da ofishi a Birnin Kebbi, yana bi ta ƙaramar hukuma da uban ƙasa, kuma ba ya neman ka sallama masa gonarka kafin ya ba ka dashe.

Da farko za su karɓi kuɗin fom, da hoto, da lambar NIN, wani lokaci har da BVN wai don a turo tallafi. Wannan ita ce ƙaramar asarar. Bayan kwana kaɗan sai su dawo da 'yan dashe a baƙar leda, su miƙa wa mutum naira dubu ashirin ko talatin, su ce kuɗin share gona ne, sannan su fito da takardar da tawadar dangwale.

Wani kawuna ne ya kawo mini tasa, a ninke cikin ledar da yake ajiye katin zaɓe. Na ce, "Kawu, wa ya karanta maka wannan kafin ka dangwala?" Ya ce, "Yaron nan nasu ne ya ce shaidar karɓar dashe ce." Na nuna masa shafi na biyu da yatsa, ina fassara masa sannu a hankali. An rubuta cewa ya ba kamfanin hayar gonar shekara 50. An rubuta cewa kuɗin da ya karɓa shi ne kuɗin hayar baki ɗaya, ba shi da sauran haƙƙi. Duk itacen da ke tsaye a gonar da wanda za a dasa na kamfani ne, kuma kamfani yana da ikon sare wanda ya ga dama, yana da ikon miƙa hayar ga wani ba tare da ya sanar da mai gona ba. Idan mai gona ya ce ya fasa, sai ya biya kuɗin dashe da na leburori da na awo, adadin da kamfanin ya faɗa. Dattijon nan ya jima yana kallon tabon yatsansa a ƙasan shafin, sannan ya ce, "To ai gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, ba a raba gadon ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, iyayenmu sun san wannan tarkon tun kafin zuwan takarda. A ƙasar Hausa idan an ba mutum aron gona, ko jingina, ko haya, ya shuka gero, ya shuka dawa, ya shuka wake, amma ba ya dasa mangwaro ko wani itace mai daɗewa sai da izinin mai gona a gaban shaidu. Dalili kuwa shi ne itace shaidar mallaka ce. Shekara ashirin gaba, idan masu gona sun mutu, shaidu sun mutu, itacen yana nan tsaye, kuma wanda ya dasa shi zai ce gonar ubansa ce. Rigimar gona nawa aka kai gaban alkali wadda tushenta mangwaro ɗaya ne da aka bari baƙo ya dasa? Mutanen nan sun san haka sarai. Shi ya sa kashun da suke kawowa ba ya damunsu ko ya rayu ko ya mutu. Dashen kirki sai ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, su kuwa cikin zafin Afrilu suke zubar da shi su tafi. Abin da suke kula da shi shi ne itacen turaren da suke jerawa a kan iyaka, don yana saurin tashi, da turakun siminti da safiyonsu ke kafawa a kusurwoyi huɗu.

Sannan sai injin yanka ya biyo baya. A gonar kawun nan nawa akwai ɗorawa biyu da kaɗanya da yawa, waɗanda ya tarar tun yana yaro. Da sunan share wa kashu wuri aka kwantar da su cikin yini biyu, aka tona rami a gefen gonar aka ƙone gawayi, mota ta zo da dare ta kwashe buhunan. Kaɗanya tana ɗaukar shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya. Daga ita matan gidan ke samun man kaɗe, daga ɗorawar suke samun kalwar daddawa, da su ake sayen sabulu da littafin yara ba sai an jira maigida ba. Babu wanda ya tambayi matan nan. Kuma da malamin daji ya ga kututture da ramin gawayi, mai gona ya nema, domin sare irin waɗannan itatuwa sai da izinin ofishin gandun daji, kuma su 'yan kamfanin ba su bar adireshi ba sai lambar waya da ta daina shiga.

Wanda ya riga ya dangwala kada ya ɗauka shi ke nan, gona ta tafi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce gonar karkara da mutum ke riƙe da ita bisa al'ada ba a sayar da ita, ko a jinginar, ko a bayar da hayarta ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba, kuma cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da ƙarfi. Takardar da na gani ba ta da hatimin ƙaramar hukuma, ba ta da sa hannun uban ƙasa. Akwai kuma dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa, alamar an karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala. Nan ma babu. A shari'ar Musulunci kuwa magaji ɗaya ba ya sallama gonar gadon da ba a raba ba a bayan idon 'yan uwansa, maza da mata. Karɓar kuɗin mutane da ƙarya shi ma laifi ne a dokar tarayya ta 2006 kan zamba, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20.

Amma doka ba ta tashi da kanta. Jin kunya shi ne babban abin da mutanen nan suke dogaro da shi, don sun san dattijo zai fi son ya haɗiye asara da a ce an yi masa wayo. Ku tashi tun turaren yana ƙarami. Ku haɗu, duk waɗanda abin ya shafa a gari, ku je wurin maigari da uban ƙasa, ku rubuta ƙorafi zuwa sashen gona na ƙaramar hukuma, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Ku kai rahoto ofishin 'yan sanda, idan mutanen da yawa ne ku kai har ofishin EFCC na Sakkwato. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid a Birnin Kebbi. Ku ɗauki hoton kututture, da ramin gawayi, da turakun siminti, da lambar mota idan sun dawo. Kada ku tumɓuke turakun da kanku, kada ku taɓa yaron da suka yi wa wakili, domin shi ne shaidarku mafi ƙarfi, shi ya san wanda ke ba shi la'ada. Kuma kada ku bar gonar, ku ci gaba da nomanta a bana.

Ku kuma da ke birni, masu waya a hannu, wannan saƙon ba zai kai wa waɗanda ake cuta ba sai ta bakinku. Ku kira gida yau. Ku ce wa Baba da Kawu duk takardar da aka kawo, a ɗauki hotonta a turo muku, ko a kai wa malamin makaranta ya karanta a gaban mutum biyu, a kwana a kanta. Idan an faɗi sunan kamfani, ku duba shi a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, minti biyu ne, sannan ku tuna rajista kaɗai ba ta ba kowa iko a kan gonar wani. Wanda ke son dasa kashu ko mangwaro ya sayi dashensa da kuɗinsa a wurin masu renon dashe da aka sani, ya dasa da hannunsa idan ruwa ya zauna.